Ku Tambaya Mu Amsa: Ciyawar Gidana Na Ƙonewa Ga Ruwa Ana Ta Yi

Tambaya: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Na sa an dasa min ciyawar ado a tsakar gida, da rani shar da ita, amma tunda ruwan Yuli ya kankama sai ta fara yin wasu da'irori ruwan ƙasa kamar an zuba mata tafasasshen ruwa, musamman gindin mangwaro da jikin katanga. Mai kula da ita ya ce yunwa ce, muka watsa yuriya, abin sai ƙara faɗi yake. Me zan yi? Daga wata mai karatu, Rayfield, Jos.

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya. Toh, farko dai a ajiye yuriyar nan. Kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, tana sa ganye ya fito da taushi, shi kuwa funfuna, wato fangas, irin ganyen da yake so kenan, kinga kuɗinki kika sa kika ciyar da cutar.

Amma kafin ki sayi magani ki tabbatar. Ki fita da sassafe raɓa bata bushe ba ki duba bakin da'irar, in kin ga wani fari-fari kamar saƙar gizo-gizo kan ganyen to fangas ne. Sannan ki ja ganyen, in ya zare cikin sauƙi, gindinsa ya ruɓe ya yi baƙi amma saiwa na nan daram, fangas ne. In kuwa ciyawar ta taso gaba ɗaya ba saiwa, to gara ce ko tsutsa ke ci ta ƙasa, maganin fangas ba abinda zai musu. In akwai kare a gidan shima a sa masa ido, fitsarinsa na ƙona ciyawa.

Gaskiyar magana matsalarki inuwa ce da laima. Cutar nan tana kamawa ne in ganye ya kwana a jiƙe, sa'o'i 10 ko fiye, kuma kin san Jos a Yuli da Agusta, ruwa yau ruwa gobe, ga hazo, rana sai ta ga dama ta leƙo, wurin da mangwaro ya rufe kam sai ya wuni bai sha iska ba. Saboda haka a sassabe rassan ƙasa na bishiyar, a share busassun ganye da yankakkiyar ciyawa a fitar da su, kar a bari su kwanta a wurin. A daina ban ruwa kwata-kwata yanzu, da rani ma da safe ake yi ba da yamma ba. Inda ruwa ke kwanciya a ja masa hanya ya fita, a samu ƙarfe mai tsini a huhhuda ƙasar. Yanka kuma kar a yi tana jiƙe, kar a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayinta, a wanke bakin injin ko langa-langa bayan an gama da wurin mai cutar, masu yankan nan su ne ke yawo da ita gida-gida.

Magani kuma, ki je shagon kayan noma ki ce mancozeb, wanda manoman dankali a Bokkos da Mangu ke fesawa da damina. Shi tsare lafiyayyen ganye yake, ruwa kuma na wanke shi, sai an maimaita bayan kwana 7 zuwa 14. In an samu mai azoxystrobin ko propiconazole ya fi, su suna shiga jikin ciyawar. A bi awon da ke jikin kwali, mai feshi ya rufe hanci da hannu, yara da kaji su kauce sai ya bushe. Ganyen da ya riga ya mutu fa ba zai dawo kore ba, sabon toho za ki jira.

Gindin mangwaron kuwa, ni dai shawarata ki haƙura. In kiri-kiri ce aka dasa miki, tana son rana aƙalla sa'o'i 6 a wuni, ba za ta taɓa yin kyau a can ba ko buhu nawa kika fesa. Ciyawar da ake kira kafet, mai faɗin ganye, ta ɗan fi jure inuwa, amma itama ba can jikin kututture ba. Ki zuba tsakuwa ko a shimfiɗa intalok, ki ajiye kujeru biyu.