Amsa: Zuwa fatsa da yara a kan tiyub

Ɗan'uwa, ka ce ko yara za su iya hawa tiyub ɗin fatsa? Wallahi za su iya, mu ma ranar Asabar muka je wani ƙaramin tafki nan jihar Minnesota a Amurka, ni da madam da yaran maƙwabcina. Zama ake yi cikin tiyub ɗin kamar kujera, ƙafa cikin ruwa da takalmin iyo, kuma da baya ake tafiya, sai da ɗaya daga cikin yaran ya yi ta juyawa wuri ɗaya muna ta dariya. Kifin bluegill kam kamar karfasa yake, ƙaramar ƙugiya da tana kawai, kusa da ciyawa. Amma fa kowa da rigar ceto, in iska ta taso ku fito. 'Yan jiha ƙasa da shekara 16 ba ruwansu da lasisin fatsa, kai dai sayi naka.