Na kare 4 pik da 5 kar, mun yi asarar IMP 12: laifina ne?

Tambaya

Malam, barka da war haka. Ni ɗalibi ne a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, shekara biyu ke nan ina buga wasan karta na birij. Asabar da ta wuce mun yi karawar ekip, huɗu da huɗu, inda ake buga hannuwa iri ɗaya a teburi biyu a gwada maki, a gidan wani yayanmu a unguwar Ali Ɗan Sofo. A wani hannu muna kore, abokan karawa suna ja, wato ci da faɗuwarsu sun fi namu yawan maki. Na damana ya buɗe da 1 pik. Ina riƙe da dam, bale da 4 na pik; as, sarki, bale, 8 da 5 na kar; sarki, 7 da 2 na karo; 9 da 3 na tirefil. Na ce 2 kar, na haguna ya ce 2 pik, abokina ya yi tsalle zuwa 4 kar, mai buɗewa ya ce 4 pik. Sai na ce 5 kar don in kare, wato in faɗi da araha maimakon in bar su su ci tasu. Suka yi mini kontir, wato suka ninka kuɗin wasan, na faɗi uku, maki 500. Har murna na yi, tunda 500 ba ta kai 620 ɗin da za su samu in sun ci 4 pik ba. Ashe a ɗaya teburin ƴan ekip ɗinmu sun buga 4 pik ɗin sun faɗi ɗaya. IMP 12 suka tafi (IMP shi ne makin da ake mayar da tazarar teburin biyu zuwa gare shi), muka sha kashi da tazarar 5. Tun ranar jagoranmu da ƙyar yake amsa gaisuwata, har na ji ƙishin-ƙishin za a sa wani a gurbina. Amma wani a zaurenmu na WhatsApp ya ce dokar jimillar ci tana bayana, wai kore a kan ja ba a barin mutane su buga manshi, wato kwangila mai babban maki irin 4 pik. Wallahi abin ya hana ni barci. Laifina ne, ko rashin sa'a?

Amsa

Ɗana, kwantar da hankalinka tukuna. Babu wanda ya daɗe a kan teburin nan bai taɓa biyan 500 a banza ba, kuma hannu ɗaya ba ya korar mutum daga ekip ɗin da ya san abin da yake yi. Amma tunda gaskiya ka nema, ba zan shafa maka zuma a baki ba: tayin 5 kar ɗin kuskure ne, kuma da 4 pik ɗin ta ci ma, kuskure ne da ya dace da sa'a.

Ɗauko takardar IMP mu yi lissafi irin na ƴan kasuwa. A ce 4 pik tana ci. Ƴan ekip ɗinku sun kawo 620, kai ka biya 500, saura 120. IMP 3 ke nan. Wannan ita ce dukan ribar da ka shiga kasuwa dominta. In kuwa 4 pik ba ta ci, sun biya 100, ka biya 500, an haɗa 600, IMP 12, abin da ya same ku. Akwai kuma ta uku da ba ka ambata ba: da ka faɗi huɗu, 800 ce, ko da manshinsu yana ci ka yi asarar 180, IMP 5. Ka zuba jika 12 don ka ci jika 3. Je ka babbar kasuwa ka gaya wa kowane Alhaji wannan ciniki, ka ga irin kallon da zai yi maka. Kafin cinikin ya fitar da uwar kuɗi kawai, sai ka tabbata cewa a cikin sau biyar za su ci manshin nan sau huɗu.

To, hannunka ya ba ka wannan tabbacin? Sake shimfiɗa shi. Dam da bale da ƙaramin pik, ci ɗaya ne da da wuya wata dabara ta hana ka shi: su buga as, su buga sarki, dam tana nan tana jiransu. As da sarkin kar, ci ɗaya aƙalla, biyu in kar ɗinsu ya rabu daidai. Sarkin karo yana zaune bayan mai buɗewa, wanda shi ya fi riƙe manyan kartoci, ke nan sau da yawa as ɗin yana gabanka. Kai kaɗai kana da ci uku zuwa huɗu, abokinka bai kawo ko tsinke ba tukuna. Yanzu juya hannun, ka ɗauka kai ne mai buga 5 kar. Dam da balen nan na pik sun zama kayan ado, ba su hana as da sarki ci ba. Zubin hannunka 5-3-3-2, babu tilo, babu launin da ka rasa, babu inda za ka yi yanka. Hannun tsaro ne tun daga sama har ƙasa, ka ɗauke shi ka kai shi farmaki.

Sai maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, ta wannan malamin naku na WhatsApp. Kusan duk mako sai wani ya zo mini da ita, kuma kowa da irin gishirin da ya ƙara mata. Wai kore a kan ja ba a bari. Wai in dai abin da za ka biya bai kai manshinsu ba, ka ci riba. Wai doka ce ta ce. Wace doka? Wanda ya fitar da ita Bafaranshe ne, Jean-René Vernes, ya zauna ya ƙirga hannuwan gasar duniya, bayaninsa ya fito a wata mujallar birij ta Amurka a 1969, sannan Larry Cohen ya yaɗa ta a 1992. Abin da ta ce kaɗan ne: in ka haɗa yawan atu, wato kartocin launin yanka, na ɓangarenku a launinku mafi tsawo da na ɓangarensu a nasu, jimillar tana kusa da jimillar cin da ɓangarorin biyu za su yi, kowa a launinsa. Kusa, a matsakaicin lissafi. Ba ta ce wa zai ci nawa ba. Ba ta kuma ce kowane hannu sai ya bi ta ba, manyan ƴan wasa irin su Mike Lawrence sun yi dogon rubutu a kan inda take zamewa. Amma bar wannan. Ko a kan abin da ta faɗa, ba ta bayanka.

Mu gwada. Kana da pik uku, sun goyi bayan juna a matakin 2 kawai, mai yiwuwa takwas gare su. Mu kyautata wa abokinka zato mu ce kar biyar ya kawo maka, kuna da goma. Jimilla 18. In su suna cin goma, kai takwas za ka ci, faɗuwa uku, ribar IMP 3 ɗin nan. In tara suke ci, kai ma tara, ka biya 300 a kan 100 da ƴan uwanka suka biya, IMP 9 sun tafi. In kar huɗu ya kawo, jimilla 17, abin ya ƙara muni, kuma ka lura tara da takwas ɗin da aka ci a teburanku 17 ne cif. Ita kanta dokar, a sigar da ake koya wa masu farawa, cewa take ka yi tayi har matakin yawan atunku. Atu goma, ci goma, matakin 4. Abokinka ya riga ya kai ku can. Matakin 5 ci goma sha ɗaya ne. Ina atu na goma sha ɗayan?

Abin da ke faruwa shi ne mutum ya kalli bidiyo na minti takwas a YouTube, ya riƙe rabin jimla, ya shigo zaure ya zama shehi. Ba ya taɓa gaya maka cewa manyan kartoci a launin abokan karawa, irin dam da balen nan naka, suna rage jimillar. Ba ya gaya maka hannu shimfiɗaɗɗe yana rage ta. Kuma in ka matsa shi, za ka tarar da maki na gasar bibbiyu yake tunani, inda ake gwada sakamakonka da na dukan ɗakin, 500 a kan 620 tana iya ba ka kan gaba. Can wata kasuwa ce da mudunta. A wasan ekip girman tazara ake aunawa, tazarar 120 kuwa abin shan shayi ce. Su ma masu tsara dokokin wasan sun ga karewa ta yi araha, shi ya sa a 1987 suka ƙara kuɗin faɗuwar kore da kontir, daga ta huɗu zuwa sama ta koma 300 kowace, faɗuwa huɗu ta tashi daga 700 zuwa 800. Mutanenmu har yau suna tayi kamar ba a yi wannan gyara ba.

In na faɗi gaskiya ma, ba lissafi ne ke tura yawancinku matakin 5 ba, zuciya ce. Mun taso da belot a fada, inda barin wani ya ɗauki wasa yake kama da an ƙwace maka fage a gaban jama'a. Sai mutum ya ji 4 pik ta fito daga bakin abokin karawa, jininsa ya hau, hannunsa ya kai ga akwatin tayi kafin kansa ya gama ƙirga. Daga baya ya nemo doka ya jingina da ita. Na sani domin na yi. Shekarun baya wani dattijo da nake karawa da shi ya ce 2 pik a kan 2 kar ɗina, yana murmushi yana kurɓar shayinsa, ni kuma murmushin ne ya ba ni haushi na ce kontir. Ya ci takwas ɗinsa daidai, muna kallo, yana ja: 670 maimakon 110, IMP 11. Da ya faɗi ɗaya, 200 zan karɓa maimakon 100, IMP 3. Garin neman gira na rasa ido. Abokin wasana bai ce uffan ba, ya rubuta makin, ya tura mini takardar in sa hannu. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ka lura da wani abu a cinikinku. Tsallen abokinka zuwa 4 kar ya riga ya yi aikinsa. Ya cinye musu fili, mai buɗewa bai sami damar tambayar abokinsa ko goyon bayan nan mai ƙarfi ne ko na lallashi ba, dole ya yi canke. Ya canka, kuma ya canka ba daidai ba. Kai kuma ka zo ka fid da shi daga ramin, ka shiga a madadinsa. In kun tilasta wa mutum canke a sama, ku bar shi da abin da ya canka. Fas, wato barin tayi ya wuce, shi ma tayi ne. Kontir kuwa ban ba ka shawararsa ba a nan: in sun ci 790 ne, asarar IMP 5, don neman 3.

Kada ka ɗauka cewa nake kar a taɓa zuwa matakin 5. Da pik ɗinka babu ko ɗaya, kana da kar shida da wani launi na biyu mai tsawo, da ni zan fara tura ka. A irin wannan hannu kowane ɓangare yana iya cin kwangilarsa, kuma in ka bar su suka ci 620 a teburinka, a can kuma aka ci 450 a kan ƴan uwanka, 1070 ke nan, IMP 14. Nan faɗuwa ɗaya kuɗin inshora ce, a biya ta da daɗin rai. Shi ya sa tsakanin abokan wasa, wanda yake da ƙarancin launinsu shi ya fi cancanta ya ƙara tayi. Mai pik uku da manya a ciki ya yi shiru, ya bar wa ɗan uwansa magana in yana da ita.

Ƙarfin halin nan naka yana da wurin zuwa, kuma abin mamaki can ne kuke jin tsoro. Manshi kuna ja: in ka ce 4 ta ci, 620 a kan 170, ka sami IMP 10. In ta faɗi ɗaya, 100 da 140 ɗin da ka bari, ka rasa 6. Ko sau huɗu cikin goma take ci, ka shiga. Kuna kore, 6 ne a kan 5, kusan rabi da rabi. Amma sai in ga yaro ya tsaya a 3 pik yana ja da hannun da ya isa manshi, wai yana taka-tsantsan, hannu biyu bayan nan ya tafi biyan 800 yana kore.

Game da jagoranku. Yana da gaskiya a kan tayin, ba shi da ita a kan gaisuwa. Karawar da aka rasa da IMP 5, in aka bi takardar layi-layi, za a sami IMP 5 ɗin a wurare uku ko huɗu, wasu ma a teburinsa. Kada ka jira a yi maka aike. Ka same shi bayan la'asar da takardar makin a hannunka, ka ce masa: yaya, 5 kar ɗin nan kuskurena ne, ga lissafin. Sannan ku zauna ku huɗu ku yanke magana ɗaya kafin karawa ta gaba: bayan tsalle irin na abokinka, in suka ce 4 pik, wa ke da ikon ƙara tayi, kuma da wane irin hannu. Ku rubuta ta a takardar tsarinku. Ka kuma tambayi abokin naka kar nawa yake alkawari in ya yi tsalle zuwa 4, domin daga yadda aka ci 17, ina zargin huɗu ya kawo maka.