Zan iya zuba jarina a kan rikicin mawaƙan gambara?

Wani ɗan kasuwa mai buga riguna da huluna yana sayarwa ta intanet ya aiko da tambaya. Ya ce ya lura duk lokacin da manyan mawaƙan hip-hop suka kaure da zambo, irin yadda Kendrick Lamar da Drake suka yi, magoya baya kan yi rububin duk abin da ya shafe su. Yana so idan aka sake irin wannan ya zuba kusan duk jarinsa ya buga riguna masu hotunansu da baitocinsu. Sannan akwai wani matashin mawaƙi da yake ɗaukar nauyinsa, wanda ke son ya taɓo wani babba da zambo don ya yi suna. Yana tambaya: wannan kasuwa ce ko ganganci?

Malam, idonka ya gani daidai, akwai kuɗi a wannan hamayyar. Sai dai ban yarda ka zuba duk jarinka ba, ko rabinsa ma, kuma zan nuna maka dalili.

Mu fara da inda kuɗin yake tafiya. A ranar 11 ga Satumban 2007, Kanye West da 50 Cent suka saki kundinsu rana guda, da gangan, bayan 50 Cent ya yi cika-bakin cewa idan Kanye ya fi shi ciniki zai daina fitar da kundi nasa na kansa. A makon farko kundin Kanye, Graduation, ya sayar da kwafi wajen 957,000 a Amurka, na 50 Cent mai suna Curtis kuma wajen 691,000. Jama'a suka ce Kanye ya yi nasara. Amma kamfanonin da suka fitar da kundin biyu duk 'ya'yan uwa ɗaya ne, wato Universal Music Group, don haka kwafi sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari shida a mako guda aljihu ɗaya suka nufa. Haka aka maimaita a 2024: waƙoƙin Kendrick ta hannun kamfanin Interscope suke fita, na Drake ta hannun kamfanin Republic, dukansu na Universal. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Abin da ke jawo haka shi ne kowace waƙa tana da haƙƙin mallaka iri biyu. Akwai haƙƙin sautin da aka naɗa, wanda galibi yake hannun kamfanin waƙa, akwai kuma haƙƙin baitoci da kiɗan, wanda yake hannun marubuta da kamfanin da ke kula musu da shi. Duk saurare ɗaya a Spotify ko YouTube, waɗannan biyun ne ake biya. Mai riga ba ya cikin lissafin. Shi yana tsintar abin da ya zubo a gefe ne, kuma na ɗan lokaci.

Lokacin nan shi ne babbar matsalarka, don haka bari in tsaya a kansa. Dubi yadda abin ya gudana a 2024. Wutar ta tashi ne ranar 22 ga Maris da baitin Kendrick a waƙar Like That, inda ya taɓo Drake da wani mawaƙin mai suna J. Cole. Ranar 5 ga Afrilu J. Cole ya mayar da martani da 7 Minute Drill, bayan kwana biyu ya hau dandamali ya ce ya yi nadama, daga baya ya janye waƙar daga manhajoji. Duk wanda ya kai wa mai bugu oda a kan martanin J. Cole, kafin fenti ya bushe magana ta mutu. Daga 30 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu kuwa, kwana shida kacal, waƙoƙi shida suka fito, huɗu na Kendrick biyu na Drake. A daren 3 ga Mayu Drake ya saki Family Matters, ba a cika awa guda ba Kendrick ya danne ta da Meet the Grahams, washegari ya ƙara da Not Like Us. Baitin da yake bakin kowa da safe, kafin dare wani ya maye gurbinsa. Kai kuma tsakanin zane, da sayen farar riga, da bugu, da aikawa, mako ɗaya zuwa biyu za ka ci idan komai ya tafi daidai. Cikin waƙoƙin nan shida, Not Like Us ce ta yi dogon rai: ta hau saman jadawalin Billboard, ta ci kyautar Grammy biyar a Fabrairun 2025, Kendrick ya kuma rera ta a Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, na wannan watan. A ranar 3 ga Mayu babu ɗan kasuwar da ya san haka, domin waƙar ma ba ta fito ba.

Ga lissafi a matsayin misali, ka sauya lambobin da naka. A ce riga ɗaya ta tsaya maka dala 6, kana sayarwa 10, ka buga 200. Uwar kuɗi 1,200 ke nan, sai ka sayar da 120 kafin ta dawo. Yayi ya wuce kana da 70 a ciniki, 700 ke nan. Sauran 130 suka yi kwantai ka karya su zuwa dala 3, ka sami 390. Jimilla 1,090. Ka faɗi da 110, ba a sa kuɗin talla da na aikawa da kayan da aka dawo da su ba, ba a kuma sa watannin da kuɗin ya kwanta ba ya juyawa ba. Farar rigar da ba a buga ba tana nan da darajarta ko bayan shekara. Da zarar an buga mata baitin da ya tsufa, ko kuɗin farar ba za ta dawo da shi ba.

Sai doka, wadda da yawa ba sa tunawa da ita sai wasiƙar lauya ta iso. Riga mai hoton mawaƙi da baitinsa tana iya taka haƙƙi huɗu a lokaci guda: na mai ɗaukar hoton, na marubucin baitin, na tambarin kasuwanci irin mujiyar nan ta OVO, kamfanin Drake, da haƙƙin mutum a kan sunansa da fuskarsa. A dokar Amurka, diyyar satar haƙƙin mallaka kan kama daga dala 750 zuwa 30,000 a kan aiki ɗaya, tana kaiwa 150,000 idan aka tabbatar da gangan ne. A jihar Kalifoniya haƙƙin suna da fuska yana bin magada har shekara 70 bayan mutuwa. Drake kansa ya ɗanɗana: da ya yi amfani da ƙirƙirarriyar basira ya kwaikwayi muryar marigayi mawaƙi Tupac a waƙarsa Taylor Made Freestyle, masu kula da gadon Tupac suka ba shi awa 24, ya sauke waƙar. Idan mai irin wannan ƙarfin ya janye, ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da abin tsayawa. Ba lallai a maka ka a kotu ba. Abin da ya fi faruwa shi ne a kai ƙorafi ga dandalin da kake sayarwa, a sauke kayanka, idan aka maimaita a rufe shagon, wani lokaci har a riƙe kuɗin cinikin da ke ciki. Shagon da ka shekara kana tara masa masu saye ya tafi a kan riga ɗari biyu, wannan ita ce asarar da ta fi ta kayan ciwo.

Ka kuma kiyayi buga zargi. Not Like Us ta jefi Drake da zargi mai muni wanda ya musanta, har ya kai ƙarar Universal a Janairun 2025 kan ɓata suna. Alƙaliya a New York ta kori ƙarar a watan Oktoba, bisa cewa mai sauraro ya san kalaman fagen zambo ra'ayi ne. Wannan hukunci a kan waƙa aka yi shi, cikin yanayinta. Kada ka ɗauka ya rufe ka idan ka ɗebo kalmar ita kaɗai ka manna a ƙirjin riga tare da fuskar mutum.

To, yaya za a ci moriyar abin? Ka ware kashi 10 cikin 100 na jarinka, iyaka 15, kuɗin da idan ya tafi sana'arka ba za ta girgiza ba. Mafi yawansa ka sa shi a fararen riguna da huluna marasa bugu, waɗanda ko babu rikici za ka yi aiki da su. Zanen ya zama naka: launi, da alama, da kalmomin da ka ƙirƙira waɗanda masu bin rikicin za su gane ba tare da suna ko hoto ko baitin kowa ba. Idan wani ya zana maka, ku rubuta cewa haƙƙin zanen ya dawo hannunka. Ka sa hoton samfuri a shafinka cikin awa 24, ka karɓi oda da kafin alƙalami na aƙalla rabin kuɗi, ka buga abin da aka biya kawai da ƙarin kashi 10 saboda kuskuren awo. A nan bugun zafi, wanda ake manna zane da injin matsa, ya fi dacewa a kan bugun raga, wanda ake tura fenti ta cikin raga. Bugun raga yana da araha idan kaya na da yawa, amma kowane launi da ragarsa, kuma sai ka biya kuɗin haɗawa tun kafin riga ta farko. Bugun zafi ya fi tsada a kan kowace riga, amma ko guda biyar za ka iya bugawa. Yawanci zafin digiri 150 zuwa 160 ake ba shi na daƙiƙa 10 zuwa 15, gwargwadon umarnin mai takardar. Gaggawa ke sa a rage lokacin, sai zane ya fara ɓarewa a wanki na biyu, masu saye su dawo da kaya. Ka wanke samfuri ɗaya sau uku kafin ka aika ko guda.

Kada ka ɗauki ɓangare a shafin kasuwancinka. Magoya bayan wanda aka kayar ma suna da kuɗi, sau da yawa ma su suka fi son nuna ba su gudu ba. Ka sa wa kanka ƙa'idar tsayawa tun kafin ka fara: idan oda ta ragu da rabi kwana uku a jere, ka daina bugu, ko da zuciya na ce maka za a sake tashi. Ribar da za ta daɗe a hannunka ita ce jerin masu sayen da suka amince ka riƙa sanar da su sabon kaya.

Batun yaronka mawaƙi ya fi damuna. Babban mawaƙi ba ya amsa wa wanda bai kai ba, domin amsar talla ce kyauta, kuma ya san haka. Mafi yawan irin wannan zambon shiru yake haɗuwa da shi, kuɗin situdiyo da na bidiyo su tafi a banza. Akan kawo misalin 50 Cent, wanda ya yi suna a 1999 da How to Rob, inda ya taɓo manya da dama har wasu suka tanka. Gaskiya ne. Amma a watan Mayun 2000 da aka harbe shi sau tara, kamfanin Columbia ya sallame shi ya ajiye kundin da ya gama. Ko mene ne sanadin harbin, abin lura ga mai jari shi ne kamfani ba ya zama kusa da haɗari. Masu talla da masu ba da hayar zauren wasa ma haka suke, kuɗin tsaro da na inshora sukan hau, wasu su soke yarjejeniya. Gabar da aka yi tsakanin mawaƙan gabashi da na yammacin Amurka a shekarun 1990 ta sayar da faifai masu yawa, kuma a cikinta aka kashe Tupac a Satumban 1996 da Notorious B.I.G. a Maris na 1997, ɗaya yana da shekara 25 ɗaya 24. Kamfanin Death Row da ya yi tashe a lokacin ya karye a 2006. Ɗan mutane ne a hannunka, ransa ya fi duk abin da za ka samu.

Idan gasa yake so, a yi ta da shiri. Makaɗan nan Swizz Beatz da Timbaland sun fara shirin Verzuz a Maris na 2020, mawaƙa biyu suna jera waƙoƙinsu bi da bi masu kallo na yanke hukunci, kuma cikin shekara guda kamfanin Triller ya saye shi. Ko a nan akwai abin lura, don a 2022 sun kai Triller ƙara suna neman dala miliyan 28 da suka ce ba a cika musu ba, kafin a sasanta. Ka nemo wa yaronka sa'ansa, wanda yawan masu sauraronsu ya yi kusa, ku zauna da mai kula da wancan ku rubuta sharuɗɗa: waƙa nawa kowa zai yi, ranakun fitarwa, abin da ba a taɓawa (iyaye, 'ya'ya, addini, zargin laifi), yadda za a raba kuɗin tikiti da na talla, da ranar da za a rufe da waƙar haɗin gwiwa. Sulhu ma yana da kasuwa. Jay-Z da Nas da suka yi kaca-kaca a 2001 sun hau dandamali tare a 2005, a shekara mai bi Nas ya sa hannu da kamfanin Def Jam lokacin Jay-Z ne shugabansa.

Kafin ka ƙara kashe masa ko kwabo, ku rubuta yarjejeniya tsakaninku a gaban lauya. Ta faɗi nawa ka zuba, cewa za ka fara cire uwar kuɗinka daga abin da ya shigo kafin rabon riba, kashi nawa kake da shi a haƙƙin sautin da kuma tsawon shekara nawa. Ka ga takardar izinin kiɗan da idonka, domin mawaƙa da yawa kan hau kiɗan abokin hamayya su yi masa martani, kuma irin wannan waƙar manhajoji suna iya sauke ta ko kuɗinta ya koma ga mai kiɗan. Ka sa sharaɗin cewa babu waƙar da za ta ambaci sunan wani da za ta fita sai ka saurara ka amince a rubuce, kuma idan ya saɓa, duk abin da ya biyo baya na shari'a a wuyansa yake.