Me ya sa dukiyar Gatsby ba ta kai shi gaci ba?

Tambaya: Malam, na karanta littafin The Great Gatsby, amma na kasa gane dalilin da ya sa Daisy ta ƙi rabuwa da mijinta, alhali rashin kuɗi ne ya raba ta da Gatsby tun farko, kuma ga shi ya dawo da dukiya mai yawa.

Amsa: Malam, kafin a fahimci Daisy sai an san zamanin da labarin ya faru. F. Scott Fitzgerald ya wallafa littafin a 1925, ya kuma gina labarin a kan lokacin zafi na shekarar 1922, sa'ad da Amurka ta fito daga Yaƙin Duniya na Farko, kasuwar hannun jari tana bunƙasa, dokar hana sayar da barasa da ta fara aiki a 1920 kuma ta buɗe wa 'yan fasa-ƙwauri ƙofar arzikin dare ɗaya. Ta wannan ƙofa Gatsby ya shiga. Ɗan talakawan manoma ne daga jihar North Dakota, sunansa na yanka James Gatz, ya canza shi yana da shekara 17.

Tom Buchanan, mijin Daisy, tashi ya yi ya tarar da dukiya a gidansu. Shi ya sa marubucin ya zaunar da shi a East Egg, unguwar masu arzikin gado, ya ajiye Gatsby a West Egg ta sababbin attajirai, ruwa ya ratsa tsakaninsu. Gatsby ya sayi katafaren gida, yana shirya liyafa duk ƙarshen mako, amma asali ba ya sayuwa a kasuwa. Akwai wurin da yake taɓa zuciyata duk lokacin da na karanta: wani baƙo mai tabarau ya shiga ɗakin karatun Gatsby, ya yi mamakin ganin littattafan na gaske ne, sai dai ko shafukansu ba a yanke ba, wato ba a taɓa buɗe su ba. Mutumin ya tanadi duk kayan zama babban mutum, amma waɗanda yake son su karɓe shi suna gane baƙo da kallo ɗaya.

Saboda haka da Tom ya tona asirin sana'ar Gatsby ta fasa-ƙwaurin barasa a wani ɗaki na otal ɗin Plaza a birnin New York, nan take Daisy ta ja da baya, domin abin da take nema shi ne tsaro da mutuncin dangi, waɗanda Tom yake da su duk da cin amanar da yake yi mata. A ganina kuma Gatsby ya nemi abin da ya fi ƙarfin kuɗi: so yake Daisy ta ce ba ta taɓa son mijinta ba, a shafe shekara biyar tun haɗuwarsa da ita a birnin Louisville a 1917 kamar ba a yi su ba. Ta kasa faɗin haka.

Daga nan komai ya rushe. Daisy ce ke tuƙa motar da ta kashe Myrtle Wilson, farkar Tom, Gatsby ya ƙudura ɗaukar laifin, mijin matar ya harbe shi a tafkin ninƙaya na gidansa. Cikin ɗaruruwan da suka ci suka sha a gidansa, baƙon nan mai tabarau kaɗai ya zo jana'iza, ya tarar da Nick Carraway, maƙwabcin Gatsby mai ba da labarin, da mahaifin mamacin da 'yan ma'aikatan gida a maƙabarta ana ruwan sama. Daisy da Tom sun riga sun haɗa kaya sun bar gari, ko saƙon ta'aziyya ba ta aiko ba.