Ku Tambayi Kawu: Cinikin Gurbi da Gardamar Zaɓen 'Yan Kwando

Assalamu alaikum Kawu. Muna da majalisa nan Mabera wurin mai shayi, kuma tun da anka fara zancen diraf, wato zaɓen sabbin 'yan wasa na NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ba mu huta da gardama ba. Abokina shina bayan Boston, ni ko ƙungiyata ba ta taɓuka komi ba bana. Na ce gara ta ba da gurabenta na zaɓe na shekarun gaba ta amso babban ɗan wasa wanda duniya ta sani. Shi ko ya ce wannan wauta ce. Wa ke da gaskiya? Kuma ya za a yi a sai da abin da bai zo ba tukuna?
*Mai gyaran waya, Mabera*

Wa alaikumus salam, ɗana. Bari in fara da tambayarka ta biyu. Ƙungiyoyi 30 ne a NBA, kuma duk watan Yuni kowacce tana da gurbi a zagaye biyu na zaɓen sabbin 'yan wasa, gurabe 60 ke nan. Wadda ta sha kashi a kakar da ta wuce ita ke zaɓe da wuri, zakara kuma tana can ƙarshen layi. Saboda haka in ka sayi gurbin wata ƙungiya na shekara uku masu zuwa, ba ka san ko na 2 ba ne ko na 28, sai shekarar ta zo an ga yadda ta kaya mata. Kamar dillalin albasa ne da ya je fadamar Wurno ya saye gona tun ganye na kore: ya biya yau, ribarsa ko asararsa kuma sai ranar da aka tone.

Abokinka yana da dalilin ɗaga murya, don ƙungiyarsa ce ta fi kowa cin moriyar irin wannan ciniki. A 2013 Brooklyn ta matsu da kofi, ta karɓo Kevin Garnett mai shekara 37 da Paul Pierce mai 35 daga Boston, ta miƙa gurabenta na zagayen farko na 2014 da 2016 da 2018, har da ba Boston damar musanya gurbi da ita a 2017. Pierce shekara ɗaya ya yi ya ƙara gaba. Garnett bai cika biyu ba. Brooklyn ta rushe, ta ci wasa 21 cikin 82, shekara ta zagayo ta ci 20, ga shi kuma ladan faɗuwar ba nata ba ne. Boston ta ɗauki Jaylen Brown a lamba 3 a 2016. A 2017 gurbin Brooklyn ya fito na ɗaya cur, Boston ta sake juya shi, ta ba Philadelphia ta karɓi na 3 da ƙarin wani gurbi, ta ɗauki Jayson Tatum. Yaran nan biyu su suka ɗaga kofin 2024. Haka Clippers ta yi a 2019 don ta sami Paul George: gurabe biyar na zagayen farko, da damar musaya biyu, da wani matashi mai suna Shai Gilgeous-Alexander, duk ta tura Oklahoma. A 2025 matashin ya zama gwarzon shekara, Oklahoma ta ɗauki kofi.

To amma kar ya yi maka dariya da yawa. Lakers ta zubar da matasa da gurabe uku a 2019 ta ɗauko Anthony Davis, ta ci kofi a 2020. Milwaukee ta yi irin haka kan Jrue Holiday, ta ci a 2021. Abin lura shi ne Lakers tana da LeBron James a gida kafin ta shiga kasuwa, Milwaukee kuma tana da Giannis yana kan ganiyarsa. Mutum ɗaya ya rage musu, suka je suka sayo shi. Taka ƙungiyar fa, wadda da bakinka ka ce ba ta taɓuka komai ba? In ta sayar da gurabenta ta kawo tauraro ɗaya, zai zo ya tarar ba mataimaki, ya yi shekara biyu ya ce a sallame shi, ku ci gaba da faɗuwa wani na kwashe ladan. A wannan karon ka biya wa abokinka shayin.

Ita ma hukumar NBA ta san masu ƙungiya na iya rasa hankali. Wani Ted Stepien da ya mallaki Cleveland a farkon shekarun 1980 ya yi ta rabar da gurabe har aka kafa doka da sunansa: ba a barin ƙungiya ta wayi gari ba ta da gurbin zagayen farko shekara biyu a jere nan gaba. Shi ya sa kake ganin ana tsallake shekara a cinikin. Ba a kuma sayar da gurbin da ya wuce shekara bakwai gaba.

Kawu, ka ce wadda ta fi shan kashi ke fara zaɓe. To ya anka yi Dallas ta samu na ɗaya a 2025, alhali akwai waɗanda sunka fi ta lalacewa? Ni dai na ce maguɗi ne.
*Ɗaliba, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo*

'Yata, ƙuri'a ce. Da a ce na ƙarshe ke samun na ɗaya kai tsaye, ƙungiyoyi za su riƙa zubar da wasa da gangan, shi ya sa tun 1985 aka shigo da ita. A 2025 ƙungiyoyi 14 da ba su kai zagayen neman kofi ba su suka shiga. A tsarin da aka fara a 2019, wanda aka bi a shekarar, uku mafi lalacewa kowacce kashi 14 cikin ɗari take da shi, kuma gurabe huɗu na sama ake jefa wa ƙuri'a. Utah ce ta zo ƙarshe a waccan kakar, ta zame zuwa na 5. Dallas da kashi 1.8 ta yi sa'a ta ɗauki Cooper Flagg. Na san abin da ya sa ranki bai kwanta ba, tunda wata uku kafin nan Dallas ta miƙa wa Lakers Luka Dončić duniya na zaginta. Amma wakilan ƙungiyoyin da 'yan jarida da akantoci masu zaman kansu suna cikin ɗakin ana fito da ƙwallayen. Ban ga mai ƙungiyar da zai zauna a yi masa fashin ɗan wasa irin wannan ya yi shiru ba.

Malam Kawu, kullum yaran shagona suna nuna mini bidiyon wani yaro a waya, wai shi ne zai gaji LeBron tunda ana cewa shi za a fara ɗauka. Shin na ɗaya dole ne ya fi kowa?
*Tela, Tsohuwar Kasuwa*

Ba dole ba ne, maigida. Wani lokaci ana dacewa: LeBron kansa na ɗaya ne a 2003, Victor Wembanyama na Faransa ma haka a 2023. Amma duba 1998. Clippers ta ɗauki Michael Olowokandi, haifaffen Legas, a lamba 1, ta bar Vince Carter da Dirk Nowitzki da Paul Pierce suna zaune. A 2013 Cleveland ta fara da Anthony Bennett, wanda bai daɗe a gasar ba, Giannis kuwa, ɗan 'yan Najeriya da aka haifa a Girka, sai a lamba 15 aka kira shi. Nikola Jokić na Sabiya lamba 41 ne a 2014, can tsakiyar zagaye na biyu, ga shi ya zama gwarzon shekara sau uku. Mutanen da ke wannan kuskure fa ba 'yan kallo ba ne, albashi ake biyansu su bi yaro daga wasa zuwa wasa, likitoci su duba gwiwarsa.

Shi ya sa bidiyon minti uku ba ya motsa ni. Wanda ya haɗa shi ya tsinto dank ne, wato tsalle a dankara ƙwallo cikin kwando, da jifa mai maki uku, ya yanke duk inda yaron ya zubar da ƙwallo ko ya tsaya yana kallo aka wuce shi. Ka ce musu su nemo cikakken wasa wanda ƙungiyar yaron ta sha kashi. Su duba ƙafarsa in yana tsaro, da yadda yake jifan da ake ba shi in an yi masa laifi, ba mai takura masa, da fuskarsa in koci ya zaunar da shi a benci. Su kuma tambayi shekarunsa, don ɗan 19 da ɗan 23 da suka zura maki iri ɗaya ba kaya ɗaya ba ne. Daren zaɓen kuma sai wajen ƙarfe ɗaya agogonmu ake farawa. In za su kwana a kai, ka tabbata sun gama ɗinkin mutane tukuna.

Kawu, ɗana shekararsa 15, ya kere ni tsawo, ba shi da zance sai kwando. Yaron Sakkwato na iya kaiwa can, ko in ce ya kama karatu kawai?
*Uba, Runjin Sambo*

Alhaji, akwai labarin da ya kamata kowane Basakkwace mai son wasan nan ya sani. Hakeem Olajuwon ƙwallon hannu yake bugawa da tsaron gida a ƙwallon ƙafa, bai taɓa kwando ba sai yana kusan shekarun ɗanka. Makarantarsu ta Muslim Teachers College da ke Legas ta zo gasar wasannin kwalejojin malamai nan Sakkwato, shi yana cikin 'yan ƙwallon hannu, aka roƙi a ara shi ga 'yan kwando. Daga nan ya tafi Jami'ar Houston, a 1984 aka ɗauke shi na ɗaya, Michael Jordan yana na uku. Ya ci kofi a 1994 da 1995, yana azuminsa na Ramadan yana buga wasa.

Ƙofar tana nan, sai dai ƙarama ce ƙwarai. Gurabe 60 ne ga duniya duka, kuma sai yaro ya cika 19 a shekarar zaɓen. Precious Achiuwa na Fatakwal da Udoka Azubuike na Legas, da aka ɗauka a lamba 20 da 27 a 2020, ta makarantun Amurka suka bi. Khaman Maluach na Sudan ta Kudu ya fito daga makarantar NBA da ke Saly a Sanagal, ya yi shekara a Jami'ar Duke, aka kira shi na 10 a 2025. Duk hanyoyin nan ta aji suke ratsawa, don haka karatu da kwando ba kishiyoyi ba ne. Ka sa shi ya shiga gasannin makarantu da na jiha, inda masu neman yara ke zuwa. Ka adana takardar haihuwarsa ta gaskiya, kar kowa ya ba ka shawarar rage masa shekaru, don bincike ake yi. Duk wanda kuma ya zo maka da sunan wakili yana neman kuɗin biza ko na fom ɗin diraf, ka ce ya kawo sunan makarantar da lambar kocinta, ka kira da kanka kafin ka fitar da ko naira ɗaya.