Filin Tambaya da Amsa: Zaren Nano Daga Furotin ɗin Masara da Waken Suya

Tambaya: Malam, na ji ana kaɗa zaren nano, wato zare mai matuƙar siranta, daga furotin ɗin masara, wanda gashin kai ya fi shi kauri sau ɗari. Tunda masara a wadace take, me ya hana masana'antu yinsa da yawa?

Amsa: Ɗan'uwa, furotin ɗin da kake nufi sunansa zein. Ana narkar da giram 25 zuwa 30 a mililita 100 na itanol (sinadarin barasa) mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, a zuba a sirinji, a jona allurar da wuta mai bolt 15,000 zuwa 20,000, a ajiye farantin ƙarfe santimita 15 a gabanta. Wutar ce ke jan ɗigon da ke bakin allura har ya miƙe, itanol ya bushe a iska, zare ya zube kan faranti.

Matsalar tana ga lissafi. Allura ɗaya tana fitar da kusan mililita 1 a awa, wato giram 0.3 na zare. Kilo ɗaya ke nan sai an haura awa 3,300. Idan aka jera allurai da yawa, zarurrukan na ture juna saboda cajinsu iri ɗaya ne, ga kuma toshewa, don itanol na saurin bushewa a baki ya bar ɓawo.

Shi ya sa aka koma injin da ba shi da allura, irin Nanospider na kamfanin Elmarco a ƙasar Cek. Ana shafa ruwan furotin ɗin a jikin waya ko gangar ƙarfe mai juyawa, zare ya riƙa tashi daga wurare da dama lokaci guda. Amma fa ruwan a buɗe yake, kaurinsa na sauyawa ana cikin aiki. In ruwan ya tsinke, zaren ya fito da ƙulle-ƙulle kamar carbi. In ya yi kauri, zaren ya ƙi tashi. A ganina nan ne aikin yake, ba a girman inji ba. Dole a riƙe laimar ɗaki ƙasa da kashi 50, a kuma zuƙe tururin itanol waje, domin tartsatsi ɗaya ya isa tada gobara.

Tambaya: Waken suya fa?

Amsa: Ya fi gardama. Furotin ɗinsa a dunƙule yake, sai an warware shi da soda mai ƙarfi da ɗumi, a haɗa masa ɗan sinadarin PEO ko PVA (nau'o'in roba masu narkewa a ruwa) kafin ya yarda ya miƙe. Kuma duka biyun ba sa jure ruwa: zaren zein na kumbura ya manne ya koma fallen leda. Maganinsa a sa asid ɗin sitirik (irin na lemun tsami) a ruwan furotin ɗin tun farko, sannan a gasa zaren a zafin digiri 150 don ƙwayoyin su ɗaure da juna. Sinadarin glutaraldehyde ma na wannan aikin, sai dai guba ne, ban ba da shawararsa ba ga abin da zai taɓa abinci ko rauni.