Yadda Bature Ke Cewa Kansa Ya Ɗaure

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa malaminka a Ingila ya ɓata rai da ka ce masa "What?", da kuma kalmomin da suke amfani da su in abu ya shige musu duhu.

Laifin naka daidai yake da yaro ya ce wa babba "Me?" a gidanmu. Mu "Na'am?" muke cewa, su kuma "Sorry?" suke cewa, tare da ɗaga murya a ƙarshe. Ba haƙuri suke bayarwa ba, so suke a maimaita. "Pardon?" ma ta yi. Amma ka yi hattara da "I beg your pardon?" in an faɗe ta da kakkausar murya ana zare ido, ma'anarta ta koma "ni kake gaya wa haka?" In ka ji maganar sarai, bin zarenta ne ya gagara, ka ce "You've lost me", wato na ɓace maka a hanya.

Kalmomin ruɗewar kuwa hawa-hawa ne. "Puzzled" ita ce mai sauƙi: abu ya ɗan ɗaure maka kai, kana juya shi. "Baffled" ta fi ta nauyi, ka yi iya ƙoƙarinka ka rasa bakin zaren. "Bewildered" kuwa dimuwa ce, irin ta wanda ya ɓata a daji ya kasa bambance gabas da yamma, kuma asalin kalmar ma daga ɓatan kai a jeji yake. "Confused" ta game duka, sai dai a asibiti nauyinta daban. Likita in ya ce tsoho "confused" yake, yana nufin hankalinsa ya gushe, bai san ranar ba, bai san inda yake ba. Kada kuma ka kuskura ka ce "I am confusing", domin ka ce kai ne mai rikita mutane.

A karin maganarsu akwai "can't make head or tail of it", wadda mu ma muna da ita: zance babu kai babu gindi. "All at sea" ta samo asali ne daga matuƙan jirgin ruwa na da, waɗanda in tudu ya ɓace musu sai laluben hanya. "It's all Greek to me" na nufin ko harafi ɗaya ban gane ba, kamar da Girkanci ake yi. "At sixes and sevens" ta fi dacewa da gida ko ofis da ya hargitse, ba kan da ya ɗaure ba, kuma yawanci dattawa ne ke faɗinta yanzu.

Ɗaya ce zan ce ka bari sai ka ƙware, wato "nonplussed". A Ingila tana nufin mutum ya yi sororo ya rasa abin cewa, amma a Amurka da yawa suna nufin ko a jikinsa.